Tambayoyin da sabbin direbobi ke yawan yi mini, da amsoshin da nake ba su

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina jan mota tsakanin Birnin Kebbi, Jega, Argungu da Sakkwato, wani lokaci har Yawuri da Kwantagora, kuma duk yaron gidanmu da ya tashi koyon mota hannuna yake biyowa, maza da mata. Tambayoyinsu kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na ce bari in tara su wuri guda. Abin da nake fara faɗa wa kowa shi ne, tada mota da sa giya sati ɗaya ya isa ka iya, amma titi ba a sati ɗaya ake iya shi ba, kuma yawancin waɗanda na ga sunka yi ɓarna ba a kwanakin farko sunka yi ta ba lokacin da gabansu ke faɗuwa, sai bayan wata uku huɗu da hannu ya faɗa, tsoro ya fita.

Kawu, na riga na iya mota, dole ne sai na yi lasin?

Dole ne. Kuma sai ka cika shekara 18, ƙasa da haka doka ba ta yarda ka riƙe sitiyari a titi ba ko da kai ne ka fi kowa iyawa a unguwarku. Hanyar ita ce ka shiga makarantar koyon tuƙi wadda hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta amince da ita, su ba ka shaidar gamawa, jami'an VIO masu duba motoci da direbobi su gwada ka, ka biya kuɗi, sannan ka je da ƙafarka a ɗauki hotonka da zanen yatsunka. Ana iya fara ba ka na wucin gadi kafin na asalin ya fito, kuma akwai na shekara 3 akwai na shekara 5. Ƙaramar mota ta gida ajin B ce, babur ajin A. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi da hoto ka zauna gida zai kawo maka lasin, to jabu zai kawo maka, ranar da anka duba lambar a kwamfuta za ka gane. Lokacin da kake koyo kuma ka manna jan L gaba da baya, kuma a samu mai lasin kusa da kai. Samari na jin kunyar L ɗin nan, alhali ita ke sa na bayanka ya yi maka uzuri ya ba ka fili.

Kafin in fita da safe mi zan duba?

Ka zagaya motar tukuna, ka leƙa ƙarƙashinta da bayanta, don yara da awaki da kaji suna son inuwar mota, kuma a cikin gida ko ƙofar gida ake yawan take yaro lokacin ribas. Sai ruwan lagireto, baƙin mai, man birki, iskar taya, fitilu da sigina. Minti biyar ne. In ka zauna ka gyara kujera yadda ƙafarka za ta danne kuloci har ƙasa ba tare da ka miƙe ba, ka saita madubi uku ɗin nan, ka sa bel, ka yi addu'arka, sannan ka tada.

Wane gudu ne doka ta yarda da shi?

Ga ƙaramar mota ta gida, cikin gari kilomita 50 a awa, babbar hanya 80, hanya mai tagwayen titi irin ta esfires 100. Wannan iyaka ce ba wai dole sai ka kai ta ba. Hanyoyinmu na nan yawancinsu falle ɗaya ne, masu zuwa da masu dawowa duk kan kwalta guda, ga ƙauyuka a bakin titi, to 80 ɗin ce taka.

Na san za ka ce kowa na taka 120 har 140 a hanyar Jega, gaskiya ne ana yi, amma zauna mu yi lissafi. Tafiyar kilomita 100, mai gudun 100 awa ɗaya zai yi, mai gudun 120 minti 50, wato minti goma kacal ya ci riba, ko shayin da zai tsaya sha a tasha ya cinye su. Amma a gudun 100 motarka na cin kusan mita 28 a kowane daƙiƙa ɗaya, kafin idonka ya ga jaki, ƙwaƙwalwa ta gane, ƙafa ta tashi daga totur ta koma birki, ka riga ka shafe wannan nisan ko fiye, birkin bai ma fara aiki ba. Kuma in ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke buƙata ba sau biyu yake ƙaruwa ba, sau huɗu ne. Wanga abu shi ne sabon direba bai ji a jikinsa, don mota mai lafiya da gilashi a rufe da AC, 120 kamar 60 kake jin ta. Ka riƙa duba allon gudu, kada ka yarda da jikinka.

Wace tazara zan bari tsakanina da motar gabana?

Ka zaɓi wani abu a bakin hanya, itace ko turken wuta. Da motar gaba ta wuce shi ka fara ƙirga a hankali, dubu ɗaya, dubu biyu, dubu uku. In ka iso wurin kafin ka gama, ka matse shi da yawa, ja baya. Da ruwan sama ko hazo ka ninka. Wani zai zo ya cusa kai cikin filin da ka bari, bar shi, sake ja baya.

Obatekin fa, wato wuce motar gaba? Shi ne ya fi ba ni tsoro

Gara da yake ba ka tsoro, Allah ya sa ya daɗe yana ba ka. Munanan haɗurran da na gani da idona a hanyar Jega zuwa Koko da hanyar Tambuwal yawancinsu taho-mu-gama ne, wani ya fito wuce tirela ya tarar da wata a gabansa. Tun ranar 2 ga Afrilu 1972 Najeriya ta koma tuƙin hannun dama, don haka ta hagu ake wuce mota, ba ta gefen ƙasa ba. Ba a yi a kwana, ba a yi a hawa inda ba ka ganin abin da ke bayan tudu, ba a yi kan gada, ko mararraba, ko cikin ƙauye ranar kasuwa, ko inda farin layin tsakiya ya miƙe bai yanke ba.

In za ka yi, kada ka manne wa babbar mota a gindi don ba za ka ga komai ba, ja baya yadda hanya za ta buɗe maka, duba madubi ko wani ya riga ya fito daga bayanka, sa sigina, sauko giya ɗaya don motar ta samu ƙarfi, ka wuce kai tsaye ba tare da jan jiki ba, kuma kada ka koma hannunka sai ka ga gaban motar da ka wuce a madubinka. In zuciyarka ta ce anya kuwa, to amsar a'a ce. Abu biyu da nake roƙon ku da Allah: kada ka bi wani a baya don ya fita obatekin, shi ya auna wa kansa ne bai auna da kai ba, yana komawa hannunsa kai za a bari da mai zuwa. Na biyu, direban tirela zai iya sa maka sigina ko karen mota ya miƙo hannu wai ka wuce, na gode musu, amma idonka ne alƙali. Kuma ka sani in ba ka ganin madubinsa, shi ma bai ganin ka.

'Yan kabu-kabu da masu Keke Napep sun hana ni sakat cikin gari, ya zan yi da su?

Ka ɗauka duk mai babur da ke gabanka zai iya juyawa yanzu ba sigina, don fasinja na ɗaga hannu daga wancan gefen shi ya tafi. In ka sa wannan a ranka ba zai ba ka mamaki ba. Ba shi fili kamar mota guda, kafin ka yi kwana ka waiwaya da kanka don akwai wurin da madubi bai nunawa, kafin ka buɗe ƙofa ma ka duba. Kada ka yi fushi da su, neman abinci suke, kuma in kunka haɗu kai ƙarfe ya rufe ka, shi ƙafarsa ce a waje, wataƙila da mace da goyo a bayansa.

Wajen gari kuma dabbobi ne. Inda saniya ɗaya ta tsallaka akwai saura a baya, akuya kuma sai ta kai tsakiya ta fasa ta dawo. Raƙumi da magariba ya fi komai haɗari, don fitila ƙafafunsa take haskawa, sirara kamar sanduna, jikin yana sama cikin duhu, kafin ka gane mi ne ne ka iso. Amalanken shanu da na jaki ba su da fitilar baya. Lokacin girbi kuma ana shanya shinkafa a gefen kwalta, mutane na kai da kawowa a kanta. Da ka hango rufin ƙauye ka ɗaga ƙafa, tun kafin ka ga kowa.

A shataletale wa ke da hanya?

Wanda ya riga ya shiga, wato mai zuwa daga hagunka. Ka jira ya wuce, in za ka fita ka sa siginar dama. Alamomin bakin titi kuma a taƙaice: mai kusurwa uku gargaɗi ce, zagayayya mai jan baki hani ce, shuɗiya zagayayya umarni ce. Aron hannu kuwa ko na taku goma ne kada ka fara.

Tayar gwanjo ta fi araha, akwai matsala?

Wannan ni ta taɓa ni, shi ya sa nake da zafi a kanta. Wata shekara da bazara, irin zafin watan Afrilu da kwalta ke narkewa, na sa tayar gwanjo a gaba don zanenta ya yi kyau kuma kuɗina sun gaza. Mun wuce Jega da azahar, mahaifiyata na baya da ƙanwata, sai na ji ƙara kamar bindiga, motar ta fizgi hannuna zuwa dama, sitiyari na rawa kamar zai fita. Ƙafata ta tashi za ta birki, sai maganar maigidana da ya koya mini mota ta faɗo mini, ya sha cewa in taya ta fashe ƙafa ta bar birki. Na riƙe da hannu biyu, na saki totur a hankali, motar na ta jan ƙasa tana rage gudu da kanta, Inna na ta salati a baya, sai da ta kusa tsayawa na taɓa birki na gangara gefe. Da na sauka ƙafafuna ba su ɗauke ni ba, zama na yi a ƙasa. Mai facin da ya zo shi ya nuna mini lambar jikin tayar, ashe ta shekara tara.

To ga yadda ake dubawa. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu a jere, yawanci cikin ɗan zagaye. Biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2321, an yi ta a sati na 23 na shekarar 2021. FRSC na cewa taya shekara 4 take yi daga ranar da anka ƙera ta. Roba na bushewa ko ba a hau ta ba, don haka kyan zane ba hujja ba ne. Iska kuma kada ka bar mai faci ya auna da bugun hannu, adadin da motarka ke so yana rubuce a jikin ƙofar direba, a auna da geji da safe kafin taya ta yi zafi. Safaya ma a riƙa duba ta.

In birki ya ƙi fa, ko mota ta yi zafi?

In ka taka ka ji ya tafi ƙasa, yi ta bugunsa da sauri, sau da yawa yana dawowa. Ka riƙa sauko da giya ɗaya bayan ɗaya, ka ja birkin hannu a hankali ba fizga ba, ka sa fitilun gargaɗi da oda. Kada ka kashe mota ka zare makulli tana tafiya, sitiyari zai iya kullewa. Kuma ɗabi'ar nan ta sakin mota a firi a gangara don tsimin mai, ku bar ta, giya ce ke taya birki riƙe mota. In allurar zafi ta hau, tsaya ka kashe, ka jira injin ya huce. Kada ka buɗe murfin lagireto da zafi, ruwan tafasasshe ne zai yi tsalle ya same ka a fuska.

Bel ɗin nan ba don 'yan rod sefti ake sa shi ba?

A'a, don ƙirjinka ne. Na san ana jawo shi in an hango su a saki in an wuce, amma in mota ta tsaya farat ɗaya jikinka bai tsayawa, da gudun da kake yi zai tafi ya samu sitiyari ko gilashi. Na baya ma su sa. Yara 'yan ƙasa da shekara 12 baya ne wurinsu, kuma don Allah iyaye a daina ɗora yaro a cinya ana tuƙi wai yana son mota, ko Hajiya ta rungume jariri a gidan gaba, hannu bai iya riƙe yaro a lokacin karo komai son da kike masa. Kada kuma a bar yaro cikin mota a rufe a ranar nan tamu ko na shiga shago ne.

Waya fa, ko kallon saƙo kawai?

Daƙiƙa uku da za ka yi kana duba WhatsApp a gudun 100, ka yi sama da mita 80 ido rufe, kusan tsawon filin ƙwallo. Laifi ne kuma a doka. Faka ka amsa.

Hazo, ruwan sama, da tafiyar dare?

Da hunturu in hazo ya sauka, kunna ƙaramar fitila ko da rana ne don a gan ka, babbar fitila cikin hazo dawo maka take yi a ido. Ruwan farko na damina shi ya fi santsi saboda ƙura da mai da sunka taru kan kwalta. In ka tarar ruwa na gudu bisa kwalbati ko gada, kada ka shiga don ka ga wata babbar mota ta wuce, ba ka san ko ƙasan ya zare ba, jira ya janye.

Dare kuwa, shawarata ga sabon direba ya bar shi tukuna, musamman doguwar tafiya. Akwai motocin da sunka lalace a tsakiyar hanya ba alama sai ganye da anka jera, akwai mai fitila ɗaya da za ka ɗauka babur ne ashe gingimari ce, ga masu haske maka ido ba su ragewa. In an haske ka kada ka rama, kalli gefen damanka ka rage gudu. Ga kuma halin tsaro da kowa ya sani, wajen Zuru da hanyoyin da sunka nufi Zamfara, ka tambayi direbobin tasha labarin hanya kafin ka kama ta, ka fita da hantsi ka isa da rana.

Barci na kama ni a doguwar hanya, goro ko shayi zai taimaka?

Na ɗan lokaci ne. In ka fara hamma kana kasa tuna ƙauyen da ka wuce yanzu, barci ya riga ya shigo, nemi gari ka faka ka runtsa ko minti ashirin. Duk awa biyu ka sauka ka miƙe ƙafa. Da azumi a kula sosai, bayan sahur da bayan azahar barci ke sata, gab da magariba kuma kowa na tsere ya sha ruwa a gida, ka sa dabino da ruwa a mota ka sha inda ta same ka. Wasu magungunan mura na sa barci, tambayi mai kemis. Masu shan tiramol don su jure hanya kuwa, kada ka zama su, kada ka shiga motarsu.

Yaya, ni mace ce, in mota ta mutu mini a danja sai a yi ta mini oda har in rikice

Ƙanwata ba ke kaɗai ba ce, duk mai yi miki odar nan ta taɓa mutu masa. Ja birkin hannu, mayar da giya firi, tada, ki tashi a natse, ki bar su da odarsu. Ki riƙa fita da safiyar Asabar ko Lahadi lokacin da titi ba cunkoso ki saba da tashi a hawa da ribas da fakin. Kuma kada odar wani ta sa ki shiga mararraba ba ki ga hanya ba.

Abokina zai yi aure, an ce in kawo mota rakiyar amarya

Je ka, amma ka zama na baya. Tseren da samari ke yi a rakiyar amarya da ranar Sallah, ana zama kan taga ana juya mota tana ƙara, mun ga gidan biki ya koma gidan makoki saboda shi. In ka san za a zuga ka, ba wani babba makullin.

Wane kaya da takardu ya kamata su zauna a mota?

Lasin ɗinka, takardun mota da ba su ƙare ba, da inshora. Mafi ƙaranci ita ce mai biyan ɓarnar da ka yi wa wani, wadda ta koma naira 15,000 ga motar gida tun Janairun 2023, kuma ita ma akwai jabu, ka yi ta wurin kamfani na gaskiya. Sai safaya, jak, sufanar taya, abin kashe gobara, alamar nan mai kusurwa uku, tocila da galan na ruwa. In an tsayar da kai a shinge, rage gudu tun daga nesa, da dare ka kunna fitilar ciki, ka yi sallama ka miƙa abin da anka tambaya.

In na yi haɗari ko na tarar da shi a hanya mi zan fara yi?

Faka nesa da wurin, sa fitilun gargaɗi, ka ajiye alama can baya don kada wata motar ta zo ta afka wa masu taimako. A kashe injin motar da ta yi haɗarin, kada kowa ya kunna sigari. Kira 122, lambar FRSC ce kyauta, ko 112, ka sa su a wayarka tun yau. Mai zubar jini a danne wurin da tsumma mai tsabta. Wanda ke kukan wuya ko baya kada a fizgo shi a naɗe shi cikin Keke sai in wuta ake tsoro, a samu mutum uku huɗu su ɗaga shi a miƙe, ɗaya na riƙe da kai. Wanda ya suma kada a ɗura masa ruwa, shaƙe shi zai yi, na san tausayi ke sa mu yi amma illa ce. A ajiye ɗaukar bidiyo, 'yan'uwan mutum kada su fara ganin gawarsa a Facebook.

In kai ne ka buge mutum, ka kai shi asibiti ka sanar da hukuma, in kuma ka ga taro zai far maka, wuce kai tsaye ofishin 'yan sanda mafi kusa ka faɗi abin da ya faru.

In tankar mai ce ta faɗi, kada ka tsaya ko kallo. A Majiya ta jihar Jigawa, watan Oktoban 2024, sama da mutum 150 sunka rasu wurin tankar da ta faɗi ta kama wuta, da yawansu sun je kwasar mai ne. Juya motarka ka yi nisa, ka tare masu zuwa ka faɗa musu, sannan ka yi waya daga can.